Eko ya nuna ruwa a cikin kan jariri da buɗaɗɗen baya: me za mu shirya kafin haihuwa?

Abban Nana, Garin Malam

Assalamu alaikum ƴan'uwa, musamman ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure. Ƙanwata tana da ciki wata bakwai, cikinta na biyu ke nan, ɗan farin lafiyarsa lau. An yi mata eko, wato hoton ciki, aka rubuta cewa ɗakunan ruwa na cikin ƙwaƙwalwar yaron sun kai milimita 16, kuma akwai wata ƴar jaka a ƙasan bayansa inda ƙashi bai haɗe ba. A takardar an sa wa abin suna sipina bifida. An ce lalle ta haihu a babban asibiti. A gida kuwa kowa da tasa: wasu sun ce ɗan ruwa ne, wasu sun ce don mijinta ɗan baffanmu ne, wata gwaggonmu ta dage cewa faɗuwar da ta yi a bakin famfo tana wata biyar ita ta jawo. Yarinyar ta daina cin abinci don gani take laifinta ne. Ina so a faɗa mini gaskiya: mene ne wannan, yaron zai rayu, me za mu tanada kafin naƙuda, kuma zai sake faruwa a ciki na gaba?

Ungozomar Birni

Wa alaikumus salam Malam. Fara kai wa ƙanwarka wannan saƙo tun kafin komai: faɗuwar wata biyar ba ta da hannu a ciki. Lokacin da ta faɗi, abin ya riga ya yi wata huɗu da faruwa.

Ga yadda yake. Ƙwaƙwalwa da laka, tushensu ɗaya ne. A sati na uku bayan shigar ciki akwai wani siririn faifai na nama a bayan ɗan tayi, sai gefunansa biyu su ɗago su haɗe ya zama bututu, kamar yadda tela ke naɗe ƙyalle ya ɗinke bakinsa, yana farawa daga tsakiya ya nufi ƙarshe biyu. Ƙarshen sama shi ke zama ƙwaƙwalwa, yana rufewa wajen kwana na 25. Na ƙasa shi ke zama laka, yana rufewa wajen kwana na 28. Kwana 28 da shigar ciki kuwa sati biyu ne kacal bayan mace ta ga al'adarta ba ta zo ba. Yawancin matanmu a lokacin ba su ma tabbatar da cikin ba, balle su zo awo. Mu kuwa sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar muke ganinsu, mai cikin fari ma kunya takan hana ta har ya fi haka.

In ƙarshen sama ne bai rufe ba gaba ɗaya, ƙoƙon kai da yawancin ƙwaƙwalwa ba sa samuwa. Shi ne anansefali, ana ganinsa a eko tun sati 11 zuwa 14, uwar takan tara ruwan mahaifa da yawa, kuma jaririn ba ya wuce awoyi ko ƴan kwanaki. In wata ƴar kafa ce ta rage a ƙoƙon kai, sai tantani, wani lokaci har da ɓangaren ƙwaƙwalwa, ya bullo ta ƙeya ko ta tsakanin idanu. Wannan ana yi masa aiki, kuma sakamakon ya danganta da yawan ƙwaƙwalwar da ke cikin jakar. In kuma ƙasa ne bai rufe ba, shi ne irin na ƙanwarka.

Za ka ce ina ruwan baya da kai? Ruwan da ke wanke ƙwaƙwalwa da laka hanyarsa ɗaya ce. Tunda bayan a buɗe yake, ruwan yana tsiyaya tun yaro yana ciki, sai ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ta zame ƙasa ta cushe a kafar da laka ke fita daga ƙoƙon kai. Mafita ta ƙuntata, ruwa ya taru a sama. Kusan takwas cikin goma na yaran da aka haifa da buɗaɗɗen baya haka suke.

Game da milimita 16: faɗin wannan ɗaki bai kamata ya kai 10 ba. Daga 10 zuwa 12 kaɗan ne, kuma in babu wata matsala tare da shi, sama da tara cikin goma na waɗannan yara lafiya lau suke tashi. Na faɗi wannan ne saboda sauran masu karatu da aka rubuta musu 11 suka hana kansu barci. Daga 13 zuwa 15 matsakaici ne, abin da ya wuce 15 mai yawa ne. Na ƙanwarka yana cikin mai yawa, don haka ku sa a ranku yaron zai buƙaci aiki biyu, na baya da na kai.

Ƙanwarka ta sake eko kowane sati uku ko huɗu don a bi girman kan. Buɗaɗɗen baya shi kaɗai ba ya wajabta sezariyan. Abin da ke wajabta ta shi ne kai ya yi girman da ba zai bi ƙugu ba, ko yaro ya zo ta ɗuwawu, ko jakar ta yi girma. Babban haɗarin da nake ji wa uwar shi ne ta yi naƙuda a gida da kan da ba zai fito ba: doguwar naƙuda, fashewar mahaifa, yoyon fitsari. Ku kai takardar eko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta nan Zinder cikin satin nan, a tsara ranar haihuwa da yadda za a yi, kada ku bari sai naƙuda ta tashi da tsakar dare.

Maganar ɗan ruwa kuwa, don Allah ku kashe ta tun yanzu. Wannan suna ya sa an bar yara da yawa a ɗaki ba magani. Ɗan Adam ne kamar kowa, yawancin masu buɗaɗɗen baya hankalinsu daidai yake, suna magana, suna karatu.

Majon CSI

Hajiya ta gama da kafin haihuwa, ni zan ɗauko daga minti na farko bayanta, don a nan aka fi asarar yaran.

Jan naman da za ku gani a tsakiyar jakar, mai sheƙi yana tsattsafo da ruwa, ba gyambo ba ne. Lakar ce da kanta a fili. Duk abin da ya taɓa ta, hanya ce ta kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Saboda haka likitocin tiyata suke son rufe ta cikin awa 48 zuwa 72. Bayan nan haɗarin ƙwayoyin cuta su hau su zama sanƙarau yana ƙaruwa kowace rana. Al'adarmu ta a bari sai an yi suna tukuna, ita ce ke kashe su: kwana bakwai ya ninka wa'adin fiye da sau biyu. Suna ba ya ɓaci don yaro yana asibiti, a yanka rago a gida, liman ya raɗa, yaron yana kan gadonsa.

Abin da za a yi nan take: a kwantar da shi rub da ciki ko a gefe, ba rigingine ba. A jiƙa kwampires, wato ƙyallen rufe ciwo na asibiti, sabo fil daga cikin ledarsa da ruwan gishirin asibiti, wato sirim mai kashi 0.9, mai ɗan ɗumi, a shimfiɗa a kan wurin ba dannawa. A rufe sama da leda mai tsabta don kada ya bushe, don busasshen bandeji yana manne wa jijiya, in an zo cirewa ya taho da ita. Kada a sa Bétadine, ko alkol, ko man shafawa, ko man shanu, ko toka, ko garin magani a kan jan wurin. Nafkin a ɗaure shi ƙasa da ciwon, a sa wata ledar ta raba tsakaninsu saboda kashi, don waɗannan yara sau da yawa kashinsu yana zuba ba tsayawa. Ba wanka a cikin kwano, shafa da tsumma kawai. Ba goyo a baya, zane zai matse jakar ta fashe. Mafi kyawun ɗauka shi ne ƙirji da ƙirji da uwarsa, fata da fata: bayansa yana sama, yana samun ɗumi, nono yana kusa. Ya sha nono, ba a hana shi sai awoyin da likita ya faɗa kafin aiki.

Sai wanzami. Ina girmama sana'arsu, amma wannan yaro ba nasu ba ne. Kada a yi wa jakar sakiya da sunan fitar da ruwa, ko ta baya ce ko ta ƙeya. Kada a cire masa beli, kada a yi tsaga, kuma askin suna a jinkirta shi. Aska tana barin ƙananan yanka a fatar kai, kuma ta wannan fatar za a bi a sa masa robar da za ta zauna a jikinsa shekaru. Ƙurji ɗaya a kai ya isa a ɗage aiki.

Ga waɗanda haihuwa ta riske su a ƙauye, ta wajen Magarya, Dungas, Gure ko Tanut: majo ya rufe wurin yadda na faɗa, ya ba da allurar farko ta maganin ƙwayoyin cuta, ya rubuta takardar turawa da awon kai da lokacin haihuwa, a kama hanya ranar. In kuma kwana uku sun riga sun wuce, a zo duk da haka. Ana fara magance cutar, sannan a rufe.

Abban Nana, Garin Malam

Allah ya saka da alheri, na karanta mata ta ɗan samu natsuwa. To aikin kan fa, yaya yake? Kuma zai yi tafiya? Maganar auren zumuncin ma ba a taɓa ba, ita ce ta fi tayar da ƙura tsakanin iyayenmu.

Likitan yara

Malam Abban Nana, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, amma zan fi daɗewa a kan abin da iyali za su riƙa yi a gida, don aikin asibiti na kwanaki ne, na gida na shekaru.

Ƙwaƙwalwa tana samar da ruwanta dare da rana ba hutu, babban mutum kusan rabin lita kowace rana, kuma jini yana shanye shi daidai yadda ake yin sa. In hanya ta toshe, samarwar ba ta tsayawa. Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba, sai kan ya yi ta buɗewa, ƙwaƙwalwar tana matsuwa tana sirancewa. Sau da yawa bayan an rufe bayan ne abin yake tsananta, tunda an toshe inda ruwan ke tsiyaya. Satuttukan farko bayan aikin baya, ido a kan kai.

Ku sayi ma'aunin tela wanda ba ya miƙewa. A zagaya shi saman gira, saman kunnuwa, ya bi ta inda ƙeya ta fi tudu. A auna sau uku a rubuta mafi girma a cikin karne, rana ɗaya kowane sati. Jaririn da ya cika wata tara kansa yana wajen santimita 33 zuwa 36. Yana ƙara kusan santimita 2 a wata cikin wata uku na farko, santimita 1 a wata daga na huɗu zuwa na shida, rabin santimita a wata har ya shekara. Wanda ke ƙara santimita guda a sati, sati biyu a jere, a kawo shi. A taɓa maɗiga lokacin da yake zaune a cinya ba ya kuka: ya kamata ta yi laushi, ta ɗan lotsa. In ta taso ta yi tauri, jijiyoyin fatar kai sun fito raɗa-raɗa, baƙin ido ya nutse ƙasa fari ya bayyana a sama, yana amai yana yawan barci, ruwan ya yi yawa. Ba a sa wa maɗiga haɗin magani, ba ya ratsa fata ya rage komai. Ta maɗigar ake yin eko a ga ɗakunan, ba zafi, ba sai an kai ga sikana ba kowane lokaci.

Akwai alamu uku na gaggawa da suka shafi waccan ƙaramar ƙwaƙwalwa da ta zame: numfashi mai ƙara kamar ana shaƙe shi, ƙwarewa duk lokacin shan nono, da ɗaukewar numfashi har leɓe ya yi baƙi. Waɗannan ba a kwana da su.

Aikin kan iri biyu ne. Wanda aka fi yi shi ne sa bawul. Kashi uku gare shi: siririyar roba da ke shiga ɗakin ruwan ta wata ƴar huda a ƙoƙon kai, bawul ɗin kansa da ke kwance ƙarƙashin fata a bayan kunne yana barin ruwa ya wuce ta gefe ɗaya kawai, da doguwar roba da ke bi ƙarƙashin fatar wuya da ƙirji ta shiga ciki, inda tantanin hanji ke shanye ruwan. Ana barin rara a naɗe a cikin saboda girman yaro. Kada tsada ta ruɗe ku. A asibitin CURE na Mbale a Yuganda, Dakta Benjamin Warf ya gwada bawul ɗin Chhabra na Indiya mai dala 35 da wani mai dala 650, ya wallafa a 2005 cewa bayan shekara guda babu bambanci a sakamako.

Gaskiyar da dole ku sani: kusan huɗu cikin goma na bawul suna samun matsala a shekarar farko. Ko robar sama ta toshe da nama, ko ƙwayoyin cutar fata su kama ta, wanda yawanci cikin watannin farko ne, ko ta rabu a mahaɗa. Yaron da ya rame kuma fatar kansa ta yi siriri, bawul yakan ci fatar ya fito, shi ya sa ba a kwantar da shi ta gefen bawul, a riƙa juya kan kowane awa biyu ko uku. Kuma ba a latsa bawul da yatsa don a ga ko yana aiki. Inda muka fi yin asara a nan shi ne damina. Yaro mai bawul ya zo da zazzaɓi da amai da barci, a yi gwajin maleriya ya nuna akwai, a ba da magani a sallame shi, alhali bawul ne ya toshe. A watan Agusta da Satumba yara da yawa gwajin zai nuna, ko ba shi ke damunsu ba. Duk inda kuka kai shi, kalmar farko ita ce yana da bawul a kai. In ja ya bi layin robar, ko ciki ya kumbura yana ciwo, ko awa 24 na maganin maleriya bai farfaɗo da shi ba, a wuce babban asibiti.

Hanya ta biyu ba a barin roba a jiki: ana shiga da ƴar kyamara a huda ƙasan ɗaki na uku cikin ɗakunan ruwan don ruwa ya samu sabuwar mafita, a ƙona wani ɓangare na naman da ke samar da ruwan. A hannun Warf ta yi nasara ga kusan uku cikin huɗu na jarirai masu buɗaɗɗen baya. Tana buƙatar na'ura da wanda ya ƙware. Ga iyalin da ke nesa da asibiti ta fi kwanciyar hankali, don haka ku tambaya ko za ta samu kuma ko ta dace da yaron.

Tafiya ta danganta da inda ciwon yake. Aiki ba ya dawo da jijiyar da ta mutu, yana kare wadda ta rage ne. In can ƙasa ne kusa da ɗuwawu, yawanci suna tafiya. In yaro yana iya miƙe gwiwa da ƙarfi, akwai kyakkyawan zato zai taka da takalmin ƙarfe ko sanda. In ciwon ya haura tsakiyar baya, keken guragu ne. Karkatacciyar ƙafa, wadda takan zo tare, ana gyara ta da filasta da ake canjawa kowane sati tun yana jariri.

Abin da iyalai ba sa zato, kuma shi ke cin yaran bayan sun tsallake aiki, ƙoda ne. Jijiyoyin mafitsara suna fitowa daga can ƙasan laka, don haka kusan dukansu mafitsararsu ba ta aiki daidai. Ganin fitsari yana ɗiga ba ya nufin ta zube, sau da yawa cika ta yi tana ambaliya, sauran yana komawa sama yana lalata ƙoda a hankali. Maganinsa uwa ta koyi sa siririyar sonda, wato robar fitar da fitsari, lamba 6 ga jariri, 8 in ya girma, kowane awa uku zuwa huɗu da rana: wanke hannu da sabulu, a sa, fitsari ya ƙare, a cire, a wanke ta, a shanya a ajiye a kwalba mai murfi. Ba a matsa mara da hannu don a fitar da fitsari, yana tura shi ƙoda. In an ba shi oksibutinin don sassauta mafitsara, ku sani yana rage zufa, a zafin Afrilu da Mayu sai inuwa da ruwan sha sosai. Ƙafafunsa kuma ba sa jin zafi: rairayin rana, ruwan wanka, kaskon wuta lokacin hunturu, duk suna ƙona shi bai yi kuka ba. A duba tafin ƙafa da ɗuwawu kowane dare.

Auren zumunci: sipina bifida ita kaɗai ba irin ciwon gadon nan ba ce mai kama ɗaya cikin huɗu. Haɗuwar abubuwa ce, ɗan gado kaɗan daga ɓangarorin biyu da ƙarancin sinadarin folik, wani nau'in bitamin, a kwanakin farko. Tana faruwa ga waɗanda ba su haɗa komai ba. Haɗarin maimaituwa bayan ɗa ɗaya kusan 2 zuwa 5 ne cikin 100, bayan biyu wajen 10. Inda zumunci ke da nauyi da gaske shi ne wasu nau'o'in daban: ƙaramin kai da ke bin ƴaƴan gida ɗaya, ko jaka a ƙeya tare da manyan ƙoda da yatsa na shida. Waɗannan ɗaya cikin huɗu ne kowane ciki. Ku roƙi mai eko ya duba ƙoda, zuciya da yatsu. In lafiya suke, babu dalilin da za a tayar da aure a kai.

Mai farmasi, Sabon Gari

Dakta ya ambaci folik, ni nan ne wurina, kuma abin yana ci mini rai don ƙwayar tana cikin mafi arahar abin da ke kan kanta.

Ba sabon ilimi ba ne. A 1991 babban gwajin da Hukumar Binciken Lafiya ta Ingila ta jagoranta ya nuna miligiram 4 na asid folik kowace rana ya rage maimaituwa da kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa haifar irin wannan yaro. A 1992 aka nuna a Hangari cewa yana kare na farko ma. Amurka ta wajabta zuba shi a garin alkama da makamantansa daga 1998. A nan gida, Farfesa Samuila Sanoussi da abokan aikinsa sun wallafa a 2001 bayanin yara 387 da aka gani cikin shekara 10, suna kiran a riƙa ba mata folik tun kafin ciki. Geron da dawar da muke kaiwa injin unguwa ba wanda ke zuba musu komai, don haka mu sai ƙwaya.

Awo biyu ne, kada a haɗa su. Kowace mace da za ta iya ɗaukar ciki: miligiram 0.4 kowace rana, a fara wata uku kafin ciki, ko aƙalla wata guda, don jini yana ɗaukar sati 8 zuwa 12 kafin ya ƙoshi. Jar ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo tana da ƙarfe miligiram 60 da folik 0.4, awon daidai ne, lokacin ne ya makara. A ganina amarya ta fara sha tun ranar da aka sa ranar biki, mai shayarwa kuma kada ta daina, don kwanika ba ta sallama.

Ƙanwarka kuwa tana cikin masu babban awo: miligiram 5, ƴar ƙaramar ƙwaya ɗaya a rana, wata uku kafin ciki na gaba har ƙarshen sati na 12. Haka mai ciwon suga, mai shan maganin farfaɗiya, mai sikila, da wadda ita ko mijinta aka haifa da matsalar. Kada ta haɗiye jajayen ƙwayoyi goma sha biyu don ta cike 5, ƙarfen zai zama guba. Ta yi tazarar haihuwa har ta cika wata ukun tana sha. Kuma ga wani abu da ake mantawa: daga sati na 13 ake fara ba mai ciki Fansidar na rigakafin maleriya, kuma folik miligiram 5 yana karya ƙarfinsa. Don haka da an shiga wata na huɗu, ta koma 0.4. Shan 5 yanzu a wata bakwai ba zai rufe bayan wannan yaro ba, ta ci gaba da jar ƙwayarta kawai. Wadda ƙarfe ke tayar wa zuciya ta sha da dare bayan tuwo, ba tare da shayi ba, ko ta nemi folik zalla maimakon ta watsar da duka.

Zogale, rama, alayyafo, wake da gyaɗa duk suna da shi, a ci. Amma doguwar dahuwa da shanya ganye a rana suna kashe mafi yawansa, ba za a dogara da miya ba. Hanta tana da shi sosai, sai dai bitamin A ɗinta ya yi yawa ga mai sabon ciki.

Magunguna: Dépakine, maganin farfaɗiya, shi ne mafi haɗari, mace 1 zuwa 2 cikin 100 masu shansa suna haifar mai buɗaɗɗen baya, kusan 10 cikin 100 wata naƙasar, ban da jinkirin fahimta. Tégrétol da Gardénal ma suna da nasu, ƙasa da haka. Amma kada mai farfaɗiya ta yanke magani da kanta don ta ga ciki, tashin farfaɗiyar yana iya kashe ta da ɗan. Canji kafin ciki ake yi, wurin likita. Bactrim da Fansidar suna hana folik aiki, ba a sayensu a tebur a sha a watanni ukun farko. Zazzaɓi mai zafi a satuttukan farko shi ma yana ƙara haɗari, a sauke shi da parasitamol a je a yi gwaji ranar. Mai suga ta daidaita shi kafin ta ɗauki ciki.

Ungozomar Birni

Ƙari kaɗan kan maganar mai farmasi, kada a ɗauka folik yana hana kowace irin matsalar kai. Bututun kawai yake karewa, shi ma kusan bakwai cikin goma. Ƙaramin kai, wato ƙasa da santimita 31.9 ga namiji ko 31.5 ga mace a cikakken wata tara, sau da yawa daga cutar da uwa ta kamu da ita ne tana da ciki: rubewol mai kama da ƙyanda, ko tokso da ake samu daga kashin kyanwa da naman da bai gasu ba, ko tunjere, wanda gwajinsa yana cikin awon farko kuma allurar fenisilin tana maganinsa. Kuma ba kowane babban kai aka haifa da shi ba. A binciken Yuganda kusan shida cikin goma bayan haihuwa suka same shi, daga cutar da ta shiga jini ko sanƙarau a watan farko. Cibiya a yanke da sabuwar reza, a sa mata kulorheksidin, ba toka ba, kuma jaririn da ya yi zafi ko ya ƙi nono a kai shi ranar.

Majon CSI

Malam, abu na ƙarshe na shiri. Tun kafin haihuwa ka je da takardar eko babban asibitin ƙasa na nan Zinder ka nemi ganin masu tiyatar kai, su gaya maka ko a nan za a yi duka biyun ko za a tura ku Yamai. Yamai kusan kilomita 900 ce, yini guda cur a mota, ba tafiyar da za a fara neman kuɗinta bayan an haihu ba ce. Tun 2005 doka ta sa sezariyan kyauta ce, tun 2006 kuma kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar ma haka, amma ka tambaya ƙarara ko bawul da sikana suna ciki, in ba sa ciki nawa ne kuma a ina ake samu. A gwada jinin mutum biyu cikin dangi waɗanda za su iya bayarwa, na uwa da na jariri duk ana iya nema. A jakar haihuwa a ƙara kwalbar sirim ɗaya, fakitin kwampires biyar da sabuwar leda, ko da naƙuda ta riga ranar da aka sa. Allah ya sauke ta lafiya.